Lambar da ke Bayan Makilin: Yadda Ake Gwada Ƙarfin Fulorayid Wajen Gyaran Haƙori

A shekarar 1988, wasu likitocin haƙori a Jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe, cikinsu har da Bjørn Øgaard, sun wallafa sakamakon wani gwaji da duk wanda ya ji shi karon farko sai ya zaci raha ake yi. Haƙoran kifin shak suka samo, suka yayyanka su ƙanana, suka dasa gutsattsarin a jikin wata 'yar roba da ake maƙalawa a cikin baki, kusa da gutsattsarin haƙorin ɗan Adam. Sai suka ba mutane suka yi ta yawo da ita a bakinsu har mako huɗu, dauɗar baki tana taruwa a kai.

Ba haka kawai suka zaɓi kifin shak ba. Ɓawon haƙorinsa cike yake maƙil da sinadarin fulorayid, wajen kashi 30,000 cikin miliyan, abin da haƙorin mutum ba zai taɓa kaiwa ba ko da kullum a makilin yake kwana. A lokacin, da yawa daga cikin likitoci sun yi imani cewa amfanin fulorayid shi ne ya shige cikin ginin haƙori tun yaro yana ƙarami, ya mayar da shi abin da tsami ba ya ci. In haka ne, ai haƙorin shak ba zai ko gezau ba.

Sai ga shi ya zaizaye. Bai kai na mutum lalacewa ba, amma ya lalace. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne, haƙorin mutum da aka riƙa kurkure baki da ruwan fulorayid a kansa sau ɗaya kowace rana ya fi haƙorin shak ɗin tsira. Ma'ana, ɗan fulorayid ɗin da ke narke yana zagaya haƙori cikin yawu ya fi tulin da ke daskare a cikin haƙorin aiki. Wannan ne ya sa makilin, wanda ake sa wa baki safe da dare, ya zama babban makamin yaƙi da kogon haƙori a duniya, kuma shi ya sa tambayar nawa ne ya kamata a zuba a cikinsa ta zama abin da ake ta gwadawa har yau.

Ɓawon da ba ya toho

Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori, wanda likitoci ke kira inamel, shi ne abu mafi tauri a jikin mutum. Kusan kashi 96 cikin 100 na nauyinsa ma'adini ne, wato ƙananan duwatsu na kalsiyam da fosfet da aka jera a matse. Babu jini a cikinsa, babu jijiya, kuma ƙwayoyin halittar da suka gina shi sun gama aikinsu sun tafi tun kafin haƙorin ya ɓullo daga dasashi. Fata ta yanke ta warke, ƙashi ya karye ya haɗe, amma inamel in ya ɓantare ba ya toho.

To ina maganar gyara ta fito? Daga yawu. Yawun mutum yana ɗauke da kalsiyam da fosfet fiye da kima, kuma kullum a shirye yake ya mayar wa haƙori abin da ya zube. Duk sa'ad da mutum ya sha shayi mai sukari ko ya tsotsi alawa, ƙwayoyin cutar da ke zaune cikin dauɗar haƙori sai su cinye sukarin su fitar da tsami. Wani likitan Amurka mai suna Robert Stephan ya auna wannan tun a shekarun 1940: cikin 'yan mintoci bayan sukari ya shiga baki, ma'aunin tsami na pH yakan faɗi daga wajen 7 zuwa ƙasa da 5.5, kuma yakan ɗauki rabin awa zuwa awa ɗaya kafin yawu ya daidaita shi. A ƙasa da 5.5 ɗin nan ne ma'adinin haƙori ke fara narkewa. Idan tsamin ya wuce, sai ya fara komawa. Lamarin kamar katangar ƙasa ne: damina ta zaizaye ta, rani ya zo a yi mata yaɓe, kuma muddin yaɓen yana cim ma zaizayar, katanga na nan tsaye. Ranar da ta rufta, ba zancen yaɓe kuma, sai sabon gini.

Ɓarnar tsami tana da wata ɗabi'a da ta sa gyaran ke yiwuwa. Ba daga sama take fara cin haƙori ba. Takan bar fatar sama kusan lafiya lau, ta riƙa rarake abin da ke ƙarƙashinta. A ido, abin da ake gani shi ne wani farin tabo mai kama da alli, galibi a gindin haƙori kusa da dasashi. Wannan tabon shi ne farkon kogo, kuma shi kaɗai ne matakin da makilin zai iya juyawa. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Otto Backer Dirks, ya bi irin waɗannan tabon guda 72 a haƙoran yara daga shekara 8 zuwa 15, ya fitar da sakamakonsa a 1966: guda 37 sun ɓace, 26 sun tsaya yadda suke, 9 kacal suka zama kogo. Amma haƙorin da ya riga ya huje, har abinci yana maƙalewa a ciki, har mai shi yana cewa tsutsa ce ke cinsa, babu makilin ɗin da zai cike shi komai tsadarsa. Wannan aikin likita ne.

Abin da fulorayid ke yi a cikin wannan ja-in-ja bai da wuyar fahimta. Yakan manne a jikin duwatsun da suka fara narkewa, ya jawo kalsiyam daga yawu, sabon ma'adini ya ginu a kansu da sauri. Kuma sabon da aka gina da fulorayid ya fi na asali jure tsami, don ba ya fara narkewa sai ma'aunin ya gangara wajen 4.5. Tsakanin 5.5 da 4.5, inda yawancin ɓarnar sukari ke faruwa, haƙori yana zubar da tsohon ma'adini yana kuma karɓar sabo a lokaci guda, in dai akwai fulorayid a narke a wurin.

Tarihin gano haka ya faro ne daga tabo, ba daga magani ba. A 1901 wani matashin likita, Frederick McKay, ya sauka garin Colorado Springs na Amurka ya tarar da haƙoran da yawa daga cikin mutanen garin sun yi ruwan ƙasa, amma kuma ba sa yawan yin kogo. Sai a 1931 aka gano fulorayid ɗin da ke cikin ruwan shansu ne sanadi. A 1945 garin Grand Rapids ya fara zuba shi cikin ruwan famfo da gangan. Makilin mai fulorayid na farko da ya yi nasara a gwaji, Crest, ya fito ne daga aikin Joseph Muhler da abokansa a Jami'ar Indiana, ya shiga kasuwa a tsakiyar shekarun 1950. Waɗanda aka gwada kafinsa sun gaza, kuma dalilin gazawarsu yana nan yana bibiyar kasuwanninmu, kamar yadda za mu gani.

Daga kwata zuwa ɗakin gwaji

Mai binciken da ke son sanin ko makilin mai ƙarfin 1450 ya fi mai 500 gyara haƙori ba ya farawa da bakin mutum. Sau da yawa daga kwata yake farawa, ya karɓo haƙoran gaba na shanu. Suna da faɗi, suna da yawa, ba su taɓa ganin makilin ba, kuma ginin ɓawonsu ya yi kusa da na mutum, ko da yake ya ɗan fi saurin narkewa. Wasu kuma sukan tara haƙoran mutane da aka cire a asibiti.

Sai a yanka su zuwa 'yan tubala masu faɗin milimita 3 ko 4, a goge fuskarsu har ta yi sumul. Kafin a yi komai sai an auna taurin kowane ɗaya: na'ura ta danna wani ɗan tsinin daimon a kai da nauyin da aka ƙayyade, a duba girman ramin da ya bari da madubin likita. Ƙaramin rami, haƙori mai tauri. Wanda taurinsa ya kauce wa na 'yan uwansa sai a jefar. Daga nan a shafe wani ɓangare na kowane tubali da jan farce, irin dai wanda mata ke shafawa, don tsami ba ya ratsa shi, a sami wuri lafiyayye da za a kwatanta da shi daga baya. Sai a tsoma su cikin ruwan tsami na wasu kwanaki har farin tabo ya fito. Ga ciwo an ƙirƙira, saura magani.

Nan ne ake raba su rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a. Wani rukuni zai sami makilin da babu fulorayid ko kaɗan, wani mai 250 ko 500, wani mai 1100, wani 1450, wani 2800, wani 5000. Lambobin nan duk kashi ne cikin miliyan, abin da ake rubutawa ppm a jikin kwali. Mai 1450 yana nufin kowane giram ɗaya na makilin yana ɗauke da miligiram 1.45 na fulorayid. Gwaji mai kyau yakan sa duk makilin ɗin su zama iri ɗaya a komai, ɗanɗano da kumfa da garin gogewa, fulorayid kaɗai ya bambanta, kuma a ɓoye sunayensu da lambar sirri don kada mai auna sakamako ya san wanne yake dubawa. Ba a shafa makilin ɗin tsurarsa. Akan dama kashi ɗaya da kashi uku na ruwa, domin haka yawu ke tsinka shi a baki.

Babban ci gaban da aka samu a wannan fanni shi ne daina jiƙa haƙori cikin magani a bar shi kawai. A 1982, Bob ten Cate da Duijsters a Holan suka fito da tsarin kwaikwayon rayuwar baki ta yini guda, daga baya John Featherstone a Amurka ya tsara nasa. A irin tsarin Featherstone, haƙori yakan yi wajen awa 6 cikin ruwan tsami, a madadin ciye-ciyen yini, ya yi wajen awa 17 cikin ruwan da aka haɗa kamar yawu, a tsakani kuma a tsoma shi cikin damammen makilin na ɗan minti. A yi ta maimaita haka kimanin mako biyu.

In an gama, sai awo. Hanya mai sauƙi ita ce a koma ga tsinin daimon a ga kashi nawa na taurin da ya ɓace ya dawo. Hanyar da masana suka fi amincewa da ita ta fi wahala: a yanko wani siririn yanki da kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, a ɗauki hotonsa da hasken eksire, kwamfuta ta lissafa yawan ma'adini daga fatar sama har zuwa ƙasan tabon. Wannan ce ke nuna ko gyaran ya shiga ciki ko a baki-baki ya tsaya.

Akwai wata ƙa'ida da nake ganin duk mai karanta tallar makilin ya kamata ya sani. Gwajin da bai iya bambance makilin marar fulorayid da mai 250 da mai 1100 ba, masana ba sa karɓar hukuncinsa a kan komai. Dole tsarin ya fara nuna cewa yana ganin bambancin da aka riga aka sani, kafin a yarda ya yi shaida a kan sabon abu. Kamfanin da ya ce an gwada kayansa a ɗakin bincike, bai faɗi da me aka kwatanta shi ba, bai ce komai ba tukuna. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Me ake samu? Kusan kullum tsani ne: marar fulorayid a ƙasa, kowane ƙari yana hawa sama da na bayansa. Amma matakan ba daidai suke ba. Tazarar da ke tsakanin sifili da 1000 babba ce, daga nan kuma ribar kowane ƙari sai ta riƙa raguwa. Zurfin tabo ma yana da tasa rawar. A tabo marar zurfi, makilin na yau da kullum yakan yi kusan duk abin da za a iya yi. A tabo mai zurfi ne ten Cate da abokansa suka nuna, a 2008, cewa mai 5000 yana kai gyara can ciki fiye da mai 1500. Ko a mafi kyawun sakamako, haƙori ba ya komawa sabo fil. Fatar sama takan yi tauri ta yi sheƙi, cikin kuma ya rage da 'yan ƙofofi, har tabon ya zauna fari ko ya rine ya koma ruwan ƙasa. Likita zai ce ciwon ya tsaya, kuma wannan nasara ce, ko da mai haƙorin bai ga canji a madubi ba.

Kwalbar gwaji dai ba baki ba ce. Ba ta da harshe, ba ta da dauɗa mai rai, ba ta mantuwa ta kwanta ba ta goge haƙori ba. Don haka ake da mataki na biyu, irin na mutanen Oslo: a dasa tubalan haƙorin a jikin robar baki ko haƙoran roba, mutum ya ci gaba da harkokinsa yana amfani da makilin ɗin da aka ba shi, bayan mako biyu ko huɗu a ciro a auna, a ba shi hutu, a sauya masa wani makilin ɗin. Kowane mutum ya zama ma'aunin kansa. Daga irin wannan gwaji aka tabbatar cewa tsawon lokacin gogewa da yawan abin da aka matsa a buroshi su ma suna canja sakamako, ba lambar kwali kaɗai ba.

Hukuncin ƙarshe yana bakin yara

Mataki na uku shi ne mai tsada da cin lokaci: a ɗauki dubban 'yan makaranta, a raba musu makilin daban-daban, a dawo bayan shekara biyu ko uku a ƙirga fuskokin haƙoran da suka yi kogo, ko aka cike, ko aka cire. Ɗaya daga cikin sanannun irinsa an yi shi a yankin Lanarkshire na Sikotilan, aka wallafa a 1988. Yara wajen 3,000 aka bi na shekara uku da makilin mai 1000 da 1500 da 2500, aka ga kogo yana raguwa yayin da ƙarfin ke ƙaruwa. Daga irin wannan aiki aka sami ƙiyasin da likitoci ke yawan ambata, cewa kowane ƙarin 500 a sama da 1000 yana rage kogo da kimanin kashi 6 cikin 100.

Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen da aka yi a tace su a haɗa, ta duba wannan batu fiye da sau ɗaya. A nazarin da Tanya Walsh ta jagoranta a 2010, makilin mai ƙarfin 1000 zuwa 1250 ya rage kogo da kashi 23 cikin 100 idan aka kwatanta da marar fulorayid, mai 2400 zuwa 2800 ya rage da kashi 36. Masu 550 zuwa ƙasa kuwa, ba a iya tabbatar da cewa sun fi marar fulorayid ba. An sabunta nazarin a 2019 da gwaje-gwaje 96, kuma ginshiƙin hukuncin bai sauya ba: daga 1000 ne tabbataccen amfani ke farawa. A kan wannan hujja Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa makilin mai 1000 zuwa 1500 cikin jerin magunguna masu muhimmanci a 2021.

A dubi lambobin da idon basira. Kashi 23 yana nufin inda da za a sami kogo 100, yanzu za a sami 77. Wannan babban abu ne idan aka tuna cewa, a rahoton hukumar na 2022, mutane kusan biliyan 2 ne ke yawo da kogon da ba a yi wa magani ba a haƙoransu na girma. Amma 77 ɗin suna nan. Yaron da ke yini yana tsotsar alawa yana kora ta da lemon kwalba, bakinsa bai fita daga tsami ba balle yawu ya sami sararin gyara, kuma babu lambar da za ta cece shi. Yawan lokutan da sukari ke shiga baki shi ma yana ƙara ɓarna, ba yawan sukarin kaɗai ba. Mai shan shayi kofi ɗaya a tashi guda ya fi mai kurɓar rabin kofi daga hantsi zuwa azahar kwanciyar hankali.

Makilin mai 5000 magani ne, ba kayan kanti ba. A Birtaniya sai da takardar likita ake ba da shi, ga wanda ya kai shekara 16, mai 2800 kuma ga wanda ya kai 10. Inda ya fi nuna kansa shi ne a saiwar haƙorin manya da dasashinsu ya janye, domin saiwa ba ta da inamel kuma ta fi saurin narkewa. A wani gwaji da Aylin Baysan da abokanta suka wallafa a 2001, bayan wata shida, fiye da rabin masu amfani da 5000 sun sami aƙalla tabo ɗaya na saiwa da ya taurare, a masu 1100 kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Tsofaffi, da masu bushewar baki saboda magunguna, da masu ƙarfen gyaran haƙori, su ne mutanensa. Mai lafiyayyen baki bai da abin da zai tsinta a ciki da ya kai kuɗinsa.

Lambar da ke kwali da wadda ke isa haƙori

Mu koma ga makilin ɗin da suka gaza kafin Crest. Masu haɗa su sun zuba sodiyam fulorayid cikin makilin da garin gogewarsa na kalsiyam ne, dangin alli. Tun a cikin bututu kalsiyam ya kama fulorayid ɗin ya daskarar da shi, ya koma abin da ba ya narkewa cikin minti biyun da mutum ke goge baki. In an auna jimilla, fulorayid na nan cif. In an auna wanda ke narkewa, babu. Shi ya sa a yau ake haɗa sodiyam fulorayid da garin silika, makilin mai alli kuma, wanda ya fi araha, ake sa masa wani nau'in da ake kira monofulorofosfet, wanda kalsiyam ba ya saurin kamawa.

Ba ya saurin kamawa, amma yana kamawa a hankali. Jaime Cury da abokan aikinsa a Piracicaba ta ƙasar Birazil sun shafe shekaru suna auna wannan, suna nuna cewa fulorayid mai narkewa a makilin mai alli yana raguwa yayin da kayan ke tsufa, kuma zafi yana gaggauta raguwar. Makilin da ya fito daga masana'anta da 1450 yana da rarar da zai yi asara ya tsaya a saman 1000. Wanda ya fito da 1000 daidai ba shi da ita. Wanda ya san yadda rumfar kwano ke zama a Kano ko Maraɗi a watan Afrilu, da yadda katan ɗin kaya ke iya yin watanni a kan tebur a rana, ya san wannan magana tamu ce. Duba ranar ƙarewar aiki a jikin makilin ba fi'ili ba ne.

Karanta kwalin ma sai da ɗan sani, don wasu kamfanoni ba sa rubuta ppm, sai kaso cikin ɗari. Sodiyam fulorayid 0.32% shi ne 1450, 0.22% kuma 1000. Monofulorofosfet 0.76% shi ne 1000, 1.1% kuma 1450. Makilin da aka cika kwalinsa da hoton ganye ko gawayi ko asuwaki, ba a ga ko ɗaya daga cikin waɗannan a jerin kayan haɗinsa ba, zai wanke baki ya ba da ƙamshi, amma a tsanin da aka bayyana a sama yana matakin ƙasa ne tare da marar fulorayid. Shi kansa asuwaki ba abin rainawa ba ne. Wanda ya iya riƙe shi yana kankare dauɗa sosai, kuma sunna ce da ba mai cewa a bari. Sai dai kankare dauɗa daban, mayar wa haƙori ma'adini daban, kuma babu abin da ya hana mutum ya yi asuwaki da rana ya yi makilin safe da dare.

Sai kuma abin da ke faruwa bayan gogewa. Tunda amfanin yana ga fulorayid ɗin da ya rage a baki, wanda ya gama goge haƙori ya cika baki da ruwa ya kurkure sau uku ya zubar da rabin abin da ya saya. Binciken da aka yi a kan yaran Sikotilan ya nuna masu kurkure baki da kofin ruwa sun fi waɗanda ba sa yi yawan kogo, kuma shawarar hukumomin lafiya na Birtaniya a yau ita ce a tofar kawai, kada a kurkure. A wurinmu akwai wani abu da bincikensu bai hango ba. Da yawanmu mukan goge baki da asuba sannan mu yi alwala nan take, kurkurar alwala ta wanke makilin ɗin tas. Sauya jerin kawai ya isa a ci riba: na dare ya zama bayan sallar isha'i da abincin ƙarshe, ba abin da zai biyo bayansa sai barci. Wannan gogewar ta dare ita ce mafi daraja, domin yawu yakan ragu ƙwarai idan mutum yana barci.

Inda ƙari ke zama illa

Da ƙarfi ba shi da farashi, da kowa an ba shi 5000 an huta. Farashinsa yana kan ƙananan yara, waɗanda ba su iya tofarwa ba, suke haɗiye yawancin abin da aka sa musu. Fulorayid ɗin da ya shiga jini yayin da haƙoran girma ke ginuwa a cikin dasashi yana iya barin fararen zane ko tabo a jikinsu har abada, kuma shekaru uku na farko su ne mafi haɗari ga haƙoran gaba. Wannan tsoron ne ya haifar da makilin yara mai 500 ko ƙasa da haka. Amma da hujja ta nuna mai rauni ba shi da tabbataccen amfani, sai shawara ta koma ga rage yawa maimakon rage ƙarfi: yaron da bai kai shekara 3 ba a ɗan shafa masa mai 1000 a bakin buroshi, abin da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, daga 3 zuwa 6 kuma kamar ƙwayar wake ƙarama, babba yana tsaye a kansa. A kuma ɗauke bututun daga inda hannunsa zai kai. Yaro mai nauyin kilo 10 da ya shanye giram 35 na makilin mai 1450 ya kai adadin da likitoci ke cewa a garzaya da shi asibiti.

Mafi yawan gwaje-gwajen da aka ambata a Turai da Amurka aka yi su, a wuraren da aka san adadin fulorayid ɗin da ke cikin ruwan famfo. A ƙasashenmu akwai garuruwan da ruwan rijiyar burtsatse ya riga ya ɗauko shi daga duwatsu fiye da miligiram 1.5 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Mutanen Tibiri a jihar Maraɗi sun ga ƙarshen wannan: daga tsakiyar shekarun 1980 garin ya sha ruwan burtsatse mai fulorayid fiye da ninki uku na wannan iyaka, haƙoran dubban yara suka rine, ɗaruruwa kuma ƙasusuwansu suka lanƙwashe. An san matsalar rinewar haƙori a Langtang ta jihar Filato da kuma Bongo a arewacin Gana. A irin waɗannan wurare ruwan ne abin gyara, ba makilin da babba ke tofarwa ba, amma uwar ƙaramin yaro tana da dalilin ƙara kula da abin da yake haɗiyewa, ta kuma nemi shawarar ma'aikacin lafiya kafin ta fara sa masa.

Awon da ya fi shafar mai saye a nan ba ya bukatar haƙorin shak ko na'urar eksire. Auna fulorayid mai narkewa a makilin aiki ne da ɗakin gwajin jami'a mai na'urar auna fulorayid zai iya yi, kuma na'urar guda ce za ta auna ruwan rijiya. Kira ga hukumar NAFDAC da takwarorinta na Nijar da Gana, da tsangayoyin koyar da likitancin haƙori na jami'o'inmu: a riƙa sayo makilin daga tebur ɗin ɗan tireda bayan ya sha zafin bazara, ba daga hannun kamfani ba, a auna abin da ya rage a narke, a buga sakamakon da sunan kowane makilin kowa ya gani.